Alwala a Gindin Darbejiya

Bazarar bana ta shigo da ƙarfinta, irin wadda ko ruwan randa ka ɗebo sai ka ji shi da ɗumi. Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a ƙofar gida ina fifita, sai ga samarin unguwarmu sun turo baro cike da dashen itatuwa a cikin baƙar leda. Ƙungiya suka kafa, wai kowane gida zai karɓi ɗaya ya yi rainonsa har damina ta sauka. Shugabansu, wani siririn saurayi jikan ƙawata, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye mini nawa, sannan ya shiga koya mini yadda ake ba itace ruwa. Na bar shi ya kai aya, don yaro ne mai ladabi. Amma dariya ta so ta ƙwace mini, saboda darbejiya ya kawo mini, kuma a inuwar darbejiya ya ajiye baronsa. Bai san yadda aka yi inuwar nan ta samu ba.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Gwaram, ba nisa da Farin Dutse, kuma gidan da aka haife ni shi ne na ƙarshe ta gabas. Ina yarinya, daga bayan dangarmu kurmi ne, ga gawo, ga kanya, ga marke da tsamiya. A ƙasar nan daga gabas hadari yake tasowa, kuma kurmin nan ne yake karya ƙarfin iska kafin ta iso kan jinkarmu. Ba mu san wannan aikin yake yi mana ba sai da ya tafi. Kuɗin fetur ya buɗe birane, manyan motoci suka fara shigowa daga Kano neman itacen girki, sai kuma aka yi damina biyu a jere ba ta kirki ba. Wanda rumbunsa ya ƙare, gatari ne kawai ya rage masa. Ban ga laifin kowa ba. Babana ma ya sara, kuma da abin da ya samu muka ci tuwo. Kafin a ankara, in ka tsaya a bayan dangarmu kana hango duwatsu fayau, babu abin da ya tare.

Hadarin farko da ya zo bayan haka ya nuna mana kuskurenmu. Iskar ta ɗauke jinkar ɗakin Inna ta jefar a gidan maƙwabta, ta kwantar da rumbuna, ta bar rabin unguwa a fili. Ruwan da ta zo da shi kuwa ko ƙura bai kashe ba.

Kakana, mahaifin Babana, shi ne Malam Sale mai ɗori. Daga Fagam har Wurno da wuya ka shiga ƙauyen da babu wanda ya taɓa ɗora wa hannu ko ƙafa. Ni Tsoho nake ce masa, shi kuma amarya yake ce mini, kamar yadda kaka da jika suka saba, kuma ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Shi ne ya ɗaura wa jakinsa mangala ya tafi Birnin Kudu wurin ma'aikatan gandun daji, ya dawo da dashen darbejiya cike da mangalar. A daminar shekarar da aka sauya kuɗi ne, fam da sule suka koma naira da kwabo. Aka yi gayya, aka jera dashen daga bayan gidanmu har bakin hanyar kasuwa, aka kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Tsoho ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kafa musu kara yana ɗaurewa, daidai yadda yake ɗaure ƙafar da ta karye.

Sai ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fitar da kai ba. Dashen ko gwiwa ba su kai ba, ga rani mai tsawo a gabansu. Mutane suka ce ai shi ke nan, an yi wahalar banza, wa zai ɗebo ruwa ya ba itace alhali yara na jira?

Tsoho bai yi musu da kowa ba. Masallacin unguwarmu a lokacin fili ne kawai da aka kewaye da duwatsu. Ya roƙi Liman, aka kwashe duwatsun aka mai da su gabas, dab da layin dashen. Ya ce ba ya neman ko ɗigon ruwan kowa, abu ɗaya yake roƙo: kowane magidanci ya zaɓi itace ɗaya, in zai yi alwala ya tsuguna a gindinsa. Ruwan da dama ƙasa ce za ta sha, to ta sha a inda zai yi amfani.

Da farko abin dariya aka ɗauke shi. Ana ce wa juna, "Malam, ka shayar da ɗanka kuwa?" Daga baya sai abin ya zama gasa. Mutum zai idar da salla ya koma ya tsaya yana ƙirga sabon ganye. Akwai dattijon da aka ce tun yana saurayi alwalar asuba ke kai shi har isha'i, sai ga shi yana sabuntawa kowace salla don kada itacensa ya ji kunya. A haka dashen suka ƙetare sanyi, suka shiga rani suna kore.

Ni a lokacin ina aure a Fagam, kuma a farkon bazarar da ta biyo baya aka kawo ni gida goyon ciki, haihuwar fari. Na haifi namiji, aka sa masa sunan Tsoho. Har yau ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, ga kunyar ɗan fari, ga ta kaka.

Ban taɓa ganin bazara irin wannan ba, kuma ba na fatan jikokina su gani. Tun da hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Kaji su buɗe baki su shige ƙarƙashin rumbu, su ƙi fitowa. Da asuba Babana da ƙannensa suke fita rijiya, su jefa guga ya dawo da rabin laka, su zauna su jira ruwa ya taru, su sake jefawa. Rijiyar tsakiyar gari ta ƙafe, aka koma tono a rairayin rafi, rami ya kai tsayin mutum kafin a ga danshi. In an kawo ruwan gida, Inna ce mai rabo. Ta bar shi ya kwanta, ta tace na sha a randa, ta ware na girki, abin da ya saura a ƙasan tulu shi ne na wanke-wanke. Tuwo sau ɗaya ake yi, da daddare, a bar ɗan saura a ɗumama wa yara da safe. Da rana sai kwaɗon busasshen ganye da ɗan ƙuli, in an samu. Maƙwabtanmu masu shanu, gidan Jauro, sun kora abin da zai iya tafiya zuwa kudu, waɗanda suka rage kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Cikin wannan hali ni kaɗai ce mai wadatar ruwa a unguwar, kuma ina jin nauyin hakan. Wankan jego ba abin wasa ba ne a wurin iyayenmu. Safe da yamma sai an tafasa babbar tukunya, a tsoma ganye a yi ta fyaɗa wa mai jego har jikinta ya yi ja, don sun yi imani in aka yi sakaci sanyi zai shige ta ta kumbura. Saboda haka kowane gida yakan aiko da ɗan abin da ya samu, wannan ƙwarya, wancan rabin tulu, a ce, "A kai wa mai jego." Matan da ba su wanke jikinsu ba kwana da kwanaki su ne suke aiko mini.

Ana nan wata Juma'a Liman ya yi magana bayan salla. Ya ce ruwan da ya rage a garin nan na sha ne, kuma wanda ruwansa bai wuce na sha ba shari'a ta ba shi taimama. Daga ranar kowa ya ajiye buta, ya bugi ƙasa ya shafa. Aka juya ana kallon Tsoho, ana jira a ji me zai ce. Ya ce, "Gaskiya Liman ya faɗa. Rai ya fi itace." Shi ya fara yin taimamar la'asar a gaban kowa.

Ba a yi mako ba dashen suka fara sunkuyar da kai. Ganyen ya naɗe, ya yi ruwan toka, ya soma zuba. Ina ganin Tsoho ta ɓular danga yana bin layin da sandarsa, ya tsaya a nan, ya taɓa can, ba ya cewa komai. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don ban saba ganinsa shiru ba.

Wata safiya Inna tana hura wutar wanka sai ga shi ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Amarya, kin cinye mini dukiya, yanzu kuma kin shanye ruwan gari."

Na ce, "Wanda ya auri yarinya da tsufansa ai ya shirya wa hidima."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya juya wajen Inna. "Hadiza, in an gama wankan nan ina ruwan yake zuwa?"

Inna ta rusuna ta ce, "Rariya yake bi, Baba."

"To daga yau a tare mini shi."

Inna ta zaro ido. "Baba, ruwan jego fa? A kai shi inda ake salla?"

Ya ce, "Bayan masallaci za a kai. Kuma itace ba ya salla, Hadiza."

Haka aka samo wani babban kasko, na riƙa tsayawa a ciki ana yi mini wanka, ruwan yana taruwa a ƙafafuna. Ranar farko aka yi ɓarna. Ita Inna, a iya saninta, ruwan jego ba shi da wani amfani in ya huce, duk darajarsa a zafinsa take. Tana gama yi mini wanka ta juye shi a tulu yana tururi, ta ba tsohuwar da ke taya mu aiki ta ce ta yi sauri kada ya yi sanyi. Tsohuwa ta sheƙa shi a gindin dashen farko da ta tarar. Kafin azahar ya dahu. Da aka duba, na Liman ne. Liman ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "To, ni na hana su ruwa, ga shi an fara da nawa." An daɗe ba a yi dariya a unguwar nan kamar ta ranar ba. Tsoho ya ce Liman ya zo su yi tarayya a nasa itacen.

Daga nan aka gane hanya. Ruwan safe ya huce sai yamma, na yamma ya kwana sai safe. Labari ya shiga gidaje, mata suka ce in dai ruwan da aka gama amfani da shi ake so, ai su ne masu shi. Aka fara tara na wanke-wanke da na wankan jarirai, har da ƙasari, ruwan wankin surfe, wanda awaki suke jira, aka riƙa raba shi biyu. Matar Jauro ce ta kawo dabarar tsofaffin tuluna masu tsaga. A binne tulu a gindin dashe har wuya, a zuba ruwan a ciki a rufe bakin da sakaina, ya riƙa tsatsafowa a hankali ba tare da rana ta shanye ba. Duk wani fasasshen tulu da aka jefar a bayan ɗaki sai da ya samu aiki. Tsakanin magariba da isha'i, lokacin da mata ke fita, sai ka ga tsofaffi da matan aure sun jeru da ƙore a ka, kowace ta nufi itacen gidansu. Maza sun yi rani da buta, mata suka karɓi bazara da ƙwarya. Har gobe in na tuna jerin nan sai na ji kaina ya ƙara girma.

Amma ruwan bai isa ba, kuma kullum raguwa yake. Na ƙarshen layi, wajen hanyar kasuwa, suka fara bushewa daga sama. Arba'in ɗina ta matso, kowa ya san ranar da na gama wanka babban kaskon nan zai kife. Hadari yakan haɗu a gabas da la'asar, ya yi baƙi, a fito ana kallo, sai iska ta watsa shi. An fita roƙon ruwa, an dawo ana share gumi.

A cikin kwanakin nan Tsoho ya kwanta. Shekaru ne da zafi, da kuma yawon da yake yi a rana yana duba tuluna. Ranar da na yi wankan ƙarshe na ɗauki jariri na shiga ɗakinsa. Babana na zaune a gefensa yana yi masa fifita. Ya rame, amma idonsa na nan yadda na san shi.

Ya ce, "Amarya, an ce kin rufe mini rijiya."

Na ce, "Sai dai ka jira haihuwa ta biyu."

Ya ce, "Ba zan jira ba." Ya juya wajen Babana. "Musa, ka saurara. In ta Allah ta kasance, mutane za su zo daga nesa. Duk wanda za ka aika ya faɗa, ya ƙara da cewa garinmu babu ruwan da za a ba baƙo, kowa ya taho da nasa. In sun zo, ka nuna musu inda muke alwala."

Babana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa hawaye na zuba na ce, "Tsoho, ko mutuwar taka ma sai ka sa ta aiki?"

Ya ce, "To zaman me za ta yi?"

Bayan kwana kaɗan ya cika, da hantsi. Aka aika ko'ina, kuma aka faɗi saƙon yadda ya bayar.

Kafin azahar na kusa suka fara isowa, mutanen Farin Dutse da ƙauyukan gefen kogi, waɗanda ruwansu bai ƙafe kamar namu ba. Wani da gora a kafaɗa, wani da salka a kan jaki, wani da tulu biyu a mangala. Ina tsaye a bayan danga da jariri a kafaɗa ina leƙe. Babana ya tsaya a bakin layi yana nuna wa kowa wuri. Sai na ga maza sun jeru tun daga bayan gidanmu har hanyar kasuwa, kowa ya tsuguna a gindin ɗan itacen da bai kai ƙugunsa ba, yana wanke hannu da fuska, ruwa yana zuba a kan busasshiyar ƙasa. Akwai wani mai ɗingishi da ya wanke ƙafarsa ta dama, ya daɗe yana riƙe da ita yana kuka. Daga baya na ji Tsoho ne ya ɗora masa ita. Ban san lokacin da na daina kukan rashi na koma na wani abu daban ba.

Ba ranar kaɗai ba ce. Duk kwanakin zaman makoki baƙi ba su yanke ba. Surukaina suka zo daga Fagam da jakuna. Mutanen Wurno suka kwana a hanya. Wani direba daga Birnin Kudu, wanda Tsoho ya taɓa gyara wa kafaɗa, ya zo da duro cike a bayan motarsa, ya ce shi alwalarsa da yawa take. Wanda ya yi alwala ruwansa ya saura, sai ya juye a tulun da ke binne, ko ya miƙa cikin gida a ba yara. Su kansu mutanen gari suka samu na alwala a hannun baƙi, Liman ya tsuguna a gindin itacen da suka yi tarayya da Tsoho. Kafin a yi sadakar bakwai, na ƙarshen layin nan da muka fid da rai sun fito da ɗan jan toho a jikinsu.

Ruwa bai sauka nan da nan ba, sai da ya ƙara ja mana rai. Ran da ya zo kuwa, iska ce ta riga shi, ta sake yaye jinkar ɗakin Inna, don dashen da bai kai ƙugu ba ba ya tare komai. Muka tsaya a tsakar gida ruwa na dukanmu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina, yara na tsalle tsirara, Inna ta jera duk wata ƙwarya da tukunya da ke gidan. Da gari ya waye Babana ya bi layin ya dawo ya ce in ban da na Liman da wasu 'yan kaɗan, duk suna tsaye. An yi shekaru kafin su yi girman da za su yi aikinsu. Amma tun ɗan farin nan nawa bai isa aure ba aka daina kwana da fargabar hadarin gabas a unguwarmu.

Bayan rasuwar maigidana na dawo gidan nan da zama. Yanzu masallacin na bulo ne, da famfo da tankin ruwa, ruwan alwala yana bin kwata ya taru a hanya, 'yan acaɓa suna zagaye shi. A inuwar layin ake cin kasuwar yamma, a nan ake ɗaurin aure, kuma yawancin masu zama a wurin sun ɗauka itatuwan da kansu suka fito.

Da saurayin nan ya gama bayaninsa ya ce, "Hajiya, in ɗebo ruwan zai yi miki wahala, sai mu riƙa turo wanda zai zuba miki."

Na ce, "Ina salla, ɗan nan. Ku dai haƙa mini ramin a nan kusa da ƙofa."

Suka haƙa, suka dasa, na sa aka kewaye shi da ƙaya. Na ba su labarin duwatsun masallaci da na tuluna, na ce su je su dubi inda kwatar masallaci take zubarwa, akwai wurin dashe a can. Suka tafi suna gardamar wanda zai tunkari liman da maganar.

Da la'asar mai sunan Tsoho ya zo gaishe ni, gemunsa duk furfura, ya tarar da ni tsugune da buta a gindin dashen. Ya tsaya yana kallo har na shafa kai na wanke ƙafa. Ya ce, "Inna, wannan kuwa za ki sha inuwarsa?"

Na ce, "Shi wanda ka ci sunansa ya sha ta waɗancan ne?" Na miƙa masa butar ya taimaka mini na tashi. "In tawa ta zo, ko da famfo na zuba, ka san inda za ka nuna wa baƙi."